Tafiyar ƙafa a tsaunukan jipsam da kwazazzaban yumɓu na Romagna

A kudu da garuruwan Imola da Faenza, cikin yankin Emilia-Romagna na arewacin Italiya, akwai wani doron dutse mai launin toka da ke walƙiya idan rana ta haske shi. Tsawonsa kimanin kilomita 25 ne, daga kwarin kogin Sillaro zuwa garin Brisighella, faɗinsa kuwa bai cika wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Mutanen wurin na ce masa Vena del Gesso, wato jijiyar jipsam, dutsen da ake yin garin POP da shi. Wajen tsayi ba wani abin a zo a gani ba ne, domin Monte Mauro, wanda ya ɗara duk tuddan jerin, mita 515 ne kacal daga matakin teku. Tun 2005 hukumar yankin ta mai da wurin gandun da doka ke karewa, a 2023 kuma UNESCO ta sa shi, tare da wasu wuraren jipsam na yankin, cikin jerin wuraren gado na duniya.

Ƙungiyar masu hawan tsauni ta Italiya, CAI, wadda aka kafa a 1863, ita ke shata hanyoyin ƙafa a nan. Alamarta fenti ne ja da fari a jikin dutse ko itace, kowace hanya da lambarta. Ta kasa wahalar hanya kashi huɗu: T ta 'yan yawon buɗe ido, E matsakaiciya, EE ta gwanaye, sai EEA wadda ba a bi sai da ɗamara da igiya. Akasarin hanyoyin Vena del Gesso E ne. To amma wannan harafin an ba da shi ne bisa zaton ƙasa a bushe take. A kan dutse mai tauri irin na Alps, ruwan sama na ƙara wa hanya wahala kaɗan. A nan kuwa sauya ta yake yi gaba ɗaya, saboda abubuwa biyun da mutum zai taka, jipsam da yumɓu, duk ruwa ne ke juya su: ɗaya narkewa yake yi, ɗaya kumbura. Hanyar da yaro ɗan shekara goma ya bi da dariya ranar Asabar, ita ce za ta kayar da ƙwararre ranar Litinin idan an kwana ana ruwa.

Yadda ƙasar ta zama haka

Kimanin shekaru miliyan 6 da suka wuce, mashigar da ke haɗa Bahar Rum da tekun Atlantika ta tsuke, ruwan da ke shigowa ya kasa cike gurbin wanda rana ke ƙafar da shi. Idan ruwan teku na ƙafewa, gishirorin cikinsa ba sa zama lokaci guda. Jipsam ne ke riga gishirin miya kwantawa, tun ruwan bai gama kauri ba. Haka ya yi ta taruwa hawa-hawa, kuma a wannan yanki masana sun ƙirga har hawa 16, kowanne da siririn layin baƙar laka tsakaninsa da na samansa. Wanda ya tsaya a garin Tossignano ya dubi gaɓar Riva di San Biagio zai ga layukan a jere da idonsa.

Wajen shekaru miliyan 5.3 da suka wuce teku ta dawo ta cika, laka mai laushi ta zauna a kan jipsam ɗin. Ita ce yumɓu mai shuɗi-shuɗi da maginan tukwane da tangaran na Faenza suka daɗe suna ɗiba, har yau kuma ana tsintar bawon katantanwar teku a cikinsa. Daga baya, da tsaunukan Apennine suka taso, sai duk shimfiɗar ta karkata zuwa arewa maso gabas.

Wannan karkatar ita ce taswirar farko da mai tafiya zai riƙe a ka. Fuskar kudu gaɓa ce a miƙe, tsirara, rana na dukanta tun safe. Fuskar arewa gangare ne mai sauƙi, cike da itatuwa da inuwa da damshi da ramuka. Idan aka ƙara gangarawa arewa aka bar dutsen, sai a faɗa ƙasar yumɓu, inda ruwa ya yayyanka tuddai ya bar kwazazzabai masu kaifin doro, waɗanda Italiyawa ke kira kalanki. Kewaye guda na rabin yini kan ratsa duka ukun, kuma kowanne da irin takun da yake so.

Jipsam ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ko da ba a san shi da sunan ba. Shi ake gasawa a zafin da ya kai kusan digiri 150 har kashi uku cikin huɗu na ruwan jikinsa ya fita, a niƙa, ya zama garin da ake silin POP da shi, wanda kuma ake ɗaure karaya da shi a asibiti. Kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na buhun siminti shi ne, aikinsa ya hana kwaɓin daskarewa tun magini bai shirya ba. Ana haƙo shi a wajen Fika ta Yobe da Nafada ta Gombe da Dange ta Sakkwato, sai dai a can siraran jijiyoyi ne da dunƙule-dunƙule a cikin laka. A Romagna tsauni ne sukutum. A Brisighella akwai wani tsohon layi mai rufi da ake kira Via degli Asini, inda masu dakon jipsam daga mahaƙa suka zauna a dā da jakunansu.

Takawa a kan dutsen

A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa 10, jipsam na hawa na 2. Farce na kankare shi. Na wannan yanki manyan ƙyalli ne, wato ƙwayoyin dutse masu sheƙi, da suka sarƙe da juna, wasu kamar ɗan yatsa, wasu sun fi tafin hannu, da yawansu a rabe biyu a sama. Kowane ƙyalli yana ɓarewa falle-falle, kuma fallen garau yake, har Rumawan dā sun haƙi irinsa a kusa da Monte Mauro suna sa wa tagogi a madadin gilashi.

Daga nan matsaloli uku ke fitowa, kuma ba su kai juna nauyi ba.

Babbar ita ce santsi. Inda ƙafa ta yawaita bi, dutsen ya goge ya yi sumul, musamman a kan matakalan da manoman dā suka sassaƙa a jikinsa. A bushe, roba na kama shi sosai, har mutum ya saki jiki. Da ya jiƙe, saman ya ɗan narke, sai siririn ruwa ya shiga tsakanin takalmi da dutse. Ba sai an yi ruwan sama ba: raɓar asuba a watan Oktoba ko hazon da ke tasowa daga filin kogin Po a lokacin sanyi sun isa. A ɓangaren arewa kuma gansakuka na rufe dutsen, baƙa-baƙa ko koriya, tana riƙe damshi kwana da kwanaki bayan fuskar kudu ta bushe ƙayau. Ido ne zai yi aiki kafin ƙafa. Wuri mai sheƙi a kauce masa. Wuri mai toka-toka, mai kaushi, wanda rana da iska suka ci, shi ake nema, ko ɗan aljihun ƙasa tsakanin duwatsu. A aza tafin ƙafa gaba ɗaya, ba gefe ba, ba kan yatsu ba. Taku ya zama gajere. A gangara gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ƙirji na saman ƙafa. Mai jin tsoro yakan ja jiki baya, nauyinsa ya koma kan dunduniya, kuma a daidai nan ƙafa ke sulluɓewa ta bar shi zaune a kan ƙugu.

Ta biyu, dutsen ba abin amincewa ba ne a hannu. Ƙyallin da ya fito kamar an yi shi don a kama yakan ɓalle ba gargaɗi. Idan hanya ta tilasta a sa hannu, a dafa a danna ƙasa, kada a ja waje. A ƙwanƙwasa tukuna: idan ya yi ƙarar abu mai rami, a nemi wani. Bakin sabon ɓari yana yanka fata, shi ya sa siririn safar hannu ke da amfani ko a lokacin zafi. A wasu wurare ma saman dutsen kan kumbura ya rabu da na ƙasa, ya yi tozo mai kogo a ciki. Ba a hawa kansa, don yana iya rufzawa, kuma abu ne da doka ta hana a lalata.

Ta uku bakin gaɓa ce. Hanya mai lamba 511, wadda ta haɗa Brisighella da Borgo Rivola, tana bin doron dutsen, kuma tsakanin Monte Mauro da Monte della Volpe akwai guntayen wurare da take matsowa gab da gaɓar kudu. Ruwa na cin layukan lakar da ke tsakanin hawa-hawan jipsam, sai na sama ya rage a rataye ba abin da ke tallafe da shi. Daga sama ba a ganin haka. Tsagar da ta bi tsawon bakin gaɓa, ko da ba ta fi faɗin yatsa ba, alama ce cewa abin da ke gabanta ya riga ya fara rabuwa. Mita biyu baya da baki ba ya rage wa hoto kyau. A ƙarƙashin gaɓa kuma ba a zama cin abinci, balle inda aka ga fararen ɓaraguzai sababbi a ƙasa.

Ramuka da kogunan da ke ɓacewa

Lita ɗaya ta ruwa na iya narkar da jipsam kusan giram 2.4. Wannan ya fi abin da take yi wa dutsen farar ƙasa ninki goma ko fiye. Saboda haka ruwan da ya sauka a kan tsaunin ba ya gudu a sama, nutsewa yake yi ta kowace tsaga yana faɗaɗa ta. Gangaren arewa duk kwaruruka ne masu siffar mazurari, kowanne da maƙogwaro a gindinsa da ke zurara zuwa kogo. A gandun jipsam na kusa da birnin Bolonya, kwarin Spipola ya kai faɗin mita 700, kogunan da ke ƙarƙashinsa kuma sun haura kilomita 10 idan aka haɗa rassansu. A kusa da Monte Mauro, ƙoramar Rio Stella na zuwa gindin gaɓa ta shige cikin dutse, ta ɓullo a ɗaya gefen da sunan Rio Basino.

Manyan kwarurukan ba su ne abin tsoro ba, kowa na ganinsu. Ƙananan rijiyoyi ne, masu bakin da bai fi faɗin kafaɗa ba, waɗanda busassun ganyaye da rassa ke rufewa daga Nuwamba. Hanyar da aka shata ta kauce musu. Wanda ya yanke ta cikin daji don rage tafiyar minti goma shi ne ke cikin haɗari, haka yaro ko kare da aka sake. Iska mai sanyi da ke busowa daga ƙasa a tsakiyar zafi, ko tururi da ke tashi daga cikin ganye da sanyin safiya, shaida ce akwai rami a wurin.

Kogo kuwa ba a shigarsa da tocilar waya. Ruwan sama na cika hanyoyin ƙarƙashin ƙasa cikin ɗan lokaci. Mai sha'awa ya nemi ziyara da jagora a Tanaccia kusa da Brisighella ko kogon Re Tiberio kusa da Borgo Rivola. Wasu kogunan ana rufe su lokacin sanyi don kada a tashi jemagu daga dogon barcinsu.

Yumɓu

Nan ne aka fi shan mamaki, domin kwazazzaban ba su da tsayi kuma a ido busassu ne.

Yumɓu ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi da sauri. Idan rana ta dake shi sai ya tsuke ya tsattsage, samansa ya yi ɓawo mai ɓurɓushi. Ruwan farko na shiga tsagogin, yumɓun ya sha ya kumbura, tsagogin su rufe, sauran ruwan ya kwarara a sama yana kankare ƙasa. Ciyawa ba ta samun damar kafa saiwa, musamman a fuskar da ke kallon kudu inda bushewa da jiƙewa suka fi tsanani. Shekara bayan shekara sai gangaren ya zama jerin kwazazzabai, tsakanin kowane biyu da doro mai kaifi, wani bai fi faɗin takalmi biyu ba.

Halin yumɓu uku ne, kuma na tsakiya ya fi cutarwa. A bushe sarai, matsalarsa ɓurɓushin sama ne da ke mirginawa ƙarƙashin ƙafa a gangara. A jiƙe sharkaf, kowa ya gan shi ya san ba ta biyuwa: yana manne wa takalmi, kowane taku ya ƙara wani hawa, haƙoran tafin su cike, mutum ya koma tafiya a kan dunƙulen laka mai nauyi da sulɓi. Na tsakiyar shi ne kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, lokacin da iska ta busar da sama amma ciki na nan danƙo. Kamar ƙanzo ne a kan tuwon da bai huce ba. Ƙafa ta hau da ƙarfin gwiwa, ɓawon ya zame a kan jiƙaƙƙen da ke ƙasa, ya tafi da mutum. A gindin kwazazzabai, inda lakar da ta kwararo ke taruwa ta yi shimfiɗa mai kyan gani, irin wannan ɓawon na iya nutsar da ƙafa har gwiwa. Wanda hakan ta same shi kada ya fizge, takalmin zai bari a ciki ko ya yi targaɗe. Ya sauke jaka, ya jingina baya don nauyinsa ya bazu, ya dinga motsa dunduniya a hankali har iska ta shiga.

Akwai gwaji mai sauƙi da injiniyoyin ƙasa ke yi, kuma yana aiki a bakin hanya. A tona da tsinin sanda zurfin yatsu uku, a ɗebo yumɓun ƙasa, ba na sama ba, a murza shi a tafin hannu. Idan ya miƙe ya zama zare mai kaurin milimita 3 bai karye ba, ruwan cikinsa ya isa ya sa shi zamewa, a bar doron a bi hanyar mota ta tsakuwa. Idan ya marmashe tun bai kai haka ba, ana iya bi. Mu dai shawararmu, bayan ruwa mai ƙarfi a Afrilu ko Mayu a ba shi kwana biyu zuwa uku na rana da iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu mako guda ma ba lallai ya isa ba.

Lokacin sanyi na da nasa tarkon. Da sassafe yumɓu a daskare yake, tauri kamar siminti, tafiya na daɗi. Wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya rana ta narkar da saman, hanyar da aka bi aka shiga ta zama caɓi a dawowa. Wanda zai ratsa yumɓu a irin wannan rana ya gama da shi da wuri, kuma ya tsara komawa ta wata hanyar.

Wajen takalmi, haƙoran tafi su kai zurfin milimita 4 zuwa 5, da tazara a tsakaninsu don laka ta riƙa faɗuwa da kanta. Tafi mai ƙananan haƙora a matse nan da nan yake toshewa. Roba mai ɗan laushi ta fi kama jipsam. Sandunan tafiya biyu sun fi ɗaya. A kan yumɓu a cire musu hular roba don tsinin ya shiga ƙasa, a kan dutse a mayar, saboda ƙarfe na zamewa a kan ƙyalli kuma yana barin tabo. A kan siririn doro a fitar da hannu daga madaurin sanda, kuma a bar tazarar mita uku tsakanin mutum da mutum. Wanda ya zame kada ya kamo na gabansa.

Bayan ambaliyar Mayun 2023, wadda ta jawo zaftarewar ƙasa a dubban wurare a tuddan Romagna, da wadda ta sake biyowa a Satumban 2024, an rufe wasu hanyoyi, an karkatar da wasu. Tsohuwar taswira ko layin da wani ya ɗora a intanet shekarun baya na iya kai mutum bakin wurin da hanya ta tafi. A duba sanarwar hukumar gandun kafin a fita, a duba kuma gargaɗin yanayi na yankin, mai launi huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. A wannan ƙasa rawaya ma ta isa a ɗage tafiya.

Ruwan sha

Tsaunin da ke haɗiye ruwa ba ya barin na sha a sama. A kan doron babu ƙorama, babu maɓuɓɓuga. Wanda ke fitowa a gindin dutse bayan ya ratsa kogo garau yake, mai sanyi, amma zartsi ne. Ruwan da ya ƙoshi da jipsam na ɗauke da sinadarin salfet fiye da miligiram 1,000 a lita, alhali daga wajen 250 harshe ke fara jin bauri. Wanda cikinsa bai saba ba gudawa zai yi, ya rasa ruwan da ya fi wanda ya sha. Matatar da masu yawon daji ke ɗauka tana tare ƙwayoyin cuta ne, ba ta cire gishirin da ya narke. Tafasawa ma ƙara masa kauri take yi. Ga kuma abin da ke gangarowa daga gonaki da garken dabbobi, wanda ke shiga kogo kai tsaye ba tare da ƙasa ta tace shi ba.

Don haka duk abin da za a sha a goya shi daga gari. Rabin lita a kowace awa idan yanayi na da sauƙi, kusan lita guda a awa idan zafi ya haura digiri 30. Tafiyar awa huɗu a watan Mayu lita 2 ke nan, da ƙarin rabin lita na ko-ta-kwana. A Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke kai digiri 35, lita 3 zuwa 4. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maraɗi zai iya raina wannan zafin, amma hawa ne da kaya a baya, ga damshi a iska, ga farin dutse na mayar da hasken rana fuska daga ƙasa, inda hula ba ta karewa. Tabarau mai duhu ba ado ba ne a nan. Idan gumi ya yi yawa, ruwa zalla ba ya wadatarwa: a lita ɗaya a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a haɗa da dabino da gyaɗa mai gishiri. Idan kashi ɗaya cikin uku na ruwan ya ƙare alhali ba a ci kashi ɗaya cikin uku na hanya ba, lissafi ya ɓaci, a juya.

Mai salla ya sa ruwan alwala cikin lissafinsa. Idan kuma ta kai ga taimama, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure sun riga sun yi maganar wannan dutsen: wanda aka gasa ne ba a taimama da shi, ɗanyensa kuwa, irin wanda ke shimfiɗe a nan, ya halatta.

Lokaci da kaya

Allunan hanya a Italiya sun fi rubuta awoyi a kan kilomita, kuma lissafin da ake yi a ƙasashen Alps ya dace da nan. Ana ɗaukar kilomita 4 a awa a miƙe, hawan mita 300 a awa, gangarar mita 500 a awa. A ce kewaye ne na kilomita 10, da hawan mita 500 da gangarar mita 500. Nisa ya ba da awa 2 da rabi. Hawa awa 1 da minti 40, gangara awa 1, jimilla awa 2 da minti 40. Sai a ɗauki babban adadin a ƙara masa rabin ƙaramin: awa 2 da minti 40, da awa 1 da kwata, ya kama kusan awa 4, ban da hutu. Kada ƙarancin tsayin tsaunin ya ruɗi mutum. Doron hawa da sauka ne ba iyaka, koguna irin su Senio da Sintria sun yanka shi, kuma kowace ƙetarewa sai an sauka an sake hawa. Idan ƙasa na da damshi a ƙara kashi ɗaya cikin uku.

Afrilu zuwa farkon Yuni, da tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, su ne lokutan da suka fi dacewa. A Disamba rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi na yamma. Daga kaka zuwa Janairu kuma mafarautan aladen daji na fita a wasu sassan, a sa riga mai launi mai haske, a girmama allon da suka kafa. Wajen zaɓen ta inda za a fara kewaye, a hau ta wurin da ya fi tsayuwa da santsi, a sauko ta hanyar gona, domin gangara a kan jipsam ta fi hawa haɗari nesa ba kusa ba. Idan ana shakkar yumɓu, a fara da shi, don idan bai biyu ba a juya tun da sauran ƙarfi. Brisighella na da tashar jirgin ƙasa a kan layin Faenza zuwa Firenze, daga tashar kuma ana iya hawa da ƙafa ta Monticino, inda aka mai da tsohuwar mahaƙa gidan tarihin duwatsu a fili, har zuwa masaukin Ca' Carnè.

Jaka mai cin lita 20 ta isa: ruwa, abinci, rigar ruwa, tocilar goshi, usur, bandeji mai naɗewa, bargon leda na gaggawa, batirin cajin waya, taswirar da aka sauke a waya tun a gida, da ta takarda mai ma'aunin 1:25,000, wadda santimita 4 a kanta kilomita ɗaya ne. A cikin kwaruruka sabis na ɗaukewa. Idan an yi minti biyar ba a ga fenti ja da fari ba, a koma inda aka ga na ƙarshe, domin sawun aladen daji da beguwa na kama da hanya. Dogon wando ya fi gajere saboda kaska da ke cikin ciyawa, a duba jiki da yamma, a cire ta da hantsaki daga dab da fata, ba a murɗa ba, ba a shafa mai ba. Ƙyalli da bawon katantanwa kuwa a bar su inda aka gan su, ɗibarsu laifi ne a cikin gandun.

Irin wannan haɗin na jipsam da zaizayayyar ƙasa akwai shi a Bardenas Reales da Sorbas na Sifen, da jajayen tuddan Kansas da Oklahoma a Amurka, kuma yawancin abin da aka faɗa yana aiki a can. Abin da za a ƙara a waɗancan busassun wurare shi ne kada a yi zango a cikin busasshen rafi, don ruwan da aka yi a nesa kan iso ba hadari a sama.

Idan wani ya faɗi, a fara da duba ko wurin da yake kwance zai riƙe mutum na biyu, domin a kwazazzabo mai ceto na bin sawun wanda ya zame. Targaɗen idon sawu a naɗe shi da bandeji a bar takalmin a ƙafa, idan aka cire kumburi zai hana mayarwa. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure sama da shi tamau, a cire zobe da agogo, a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi. Wanda ya fara rikicewa ko magana ba kan gado a cikin zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi kira nan take. Lambar gaggawa 112 ce ko 118, su ke turo masu ceton tsauni. Za su tambayi lambar hanya, wurin da aka wuce na ƙarshe, alƙaluman GPS da ke kan waya, mutum nawa ne, da ko wanda ya ji rauni yana cikin hayyacinsa. Idan babu sabis, mutum ɗaya ya hau tudu mafi kusa ta kan hanya, ɗaya ya zauna da majinyacin. Idan su biyu ne kawai kuma ba a iya barinsa, a busa usur sau 6 cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake. Wanda ya ji zai amsa da busa 3 a minti.